Ƙwaya shida a rana don hawan jini: babu yadda za a rage ne?

Ummu_Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da magana, kuma ina roƙon ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu su sa baki. Ni dai a ganina ba taurin kai ne ke sa iyayenmu watsar da maganin hawan jini ba, yawan ƙwayoyin ne da wahalar da suke ba su. Hajiyarmu shekararta 68. Tana shan methyldopa sau uku a rana, nifedipine safe da dare, sai wata 'yar ƙaramar ƙwaya ta fitsari da safe. Shida ke nan, ban da na ciwon gwiwa. Ta rana ba kullum take samun shiga ba, in kuwa aka fita biki ko gaisuwa to sai dai a haɗu da ta dare. Ga gyangyaɗi wuni guda, matar da a da ita ke tashin gida da asuba. Maƙwabciyarmu kuma ɗaya tal take haɗiya da safe, kuma duk awon da aka yi mata lafiya lau. Hawan jinin ne kala-kala, ko akwai yadda za a yi a rage wa Hajiya wannan lodin?

Baffa_Dorayi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Riga ni kawai kika yi, ni ma huɗu nake sha. Bari in gyara zama.

Sarkin_Gardama:
Allah ya ƙara sauƙi, amma 'yar'uwa ban yarda da ke ba. Mutanenmu ko rabin ƙwaya aka rubuta musu, ranar da kai ya daina sarawa ranar za su ajiye. Kawuna ɗaya tal aka ba shi. Ya shanye kati guda, ya ce ya warke, ya koma kan kilishinsa. Ba a rufa shekara ba ɓarin jikinsa ya shanye. Shi ma yawan ƙwaya ne? Abin da zuciyarmu ta ƙi karɓa shi ne a ce akwai ciwon da ake shan maganinsa har ƙarshen rai.

Famasis_Kabiru:
Ku biyun kowa da gaskiyarsa, sai dai ta Ummu_Khalifa ita ce wadda muke da maganinta a hannu yau-yau.

Magungunan da kika lissafa suna aiki, amma tsohon yayi ne. Methyldopa ba ya daɗewa a jiki, shi ya sa ake maimaita shi sau biyu ko uku, kuma sa barci da kasala halinsa ne da aka daɗe da sani. Yanzu an fi ajiye shi don masu juna biyu. Nifedipine ɗin da ake sha safe da dare yana da ɗan'uwa, amlodipine. Aikinsu ɗaya, amma shi amlodipine in aka sha yau da safe yana nan a jiki har gobe da safe, har ma ya ɗan wuce. Ita kuma ta fitsarin, in wadda nake zato ce, wato Moduretic, to ita kanta magani biyu ne aka cura wuri ɗaya, amiloride da hydrochlorothiazide. Kin ga ashe cura magani biyu a ƙwaya ɗaya ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Ba mamaki abin da maƙwabciyarku take sha irin wannan haɗin ne, amma na zamani. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin waɗannan haɗaɗɗun ƙwayoyi cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa su ba, kamar telmisartan da amlodipine, ko lisinopril da amlodipine. Da ta fitar da ƙa'idar maganin hawan jini a 2021 kuma, ta ce in za a ba mutum magani biyu an fi so ya zama a ƙwaya ɗaya, don ya fi sauƙin ɗorewa.

Saboda haka e, shida tana iya komawa ɗaya ko biyu. Amma don Allah kar a je kemis a canza da ka. Ko misali ɗaya ya isa: in aka ɗora mata losartan ko lisinopril a kan waccan ta fitsarin mai amiloride, sinadarin fotashiyam yana iya taruwa a jini har ya taɓa bugun zuciya. Sai an duba ƙodarta tukuna.

Gwaggon_Yara:
Ikon Allah. To Malam Kabiru, in haka ne me ya sa har yau ake rubuta wa mutane tsohon yayin? Ba su san da sabon ba ne?

Nas_Hadiza:
@Gwaggon_Yara, Gwaggo ba rashin sani ba ne kullum. Sau da yawa tsohuwa za ta zo da katin da aka buɗe mata shekara goma da suka wuce. Duk zuwa layi ya kai bakin ƙofa, wanda ke kan kujera ya duba ya ga abin da aka rubuta wancan karon, ya ce a ci gaba. In jinin ya ɗan hau a ƙara wata a kai. Ba wanda ya samu sukunin zama ya ce to bari mu zazzage jakar nan mu sake lale. Haka ɗaya take zama biyu, biyu ta zama shida.

Mu a ƙananan asibitoci yanzu akwai tsari a rubuce, shafi ɗaya ne manne a bango, na shirin daƙile hawan jini da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fara da Kano da Ogun. Ana farawa da amlodipine miligiram 5. In an dawo bayan wata jini bai sauka ƙasa da 140/90 ba, a haɗa da losartan 50. In bai ji ba a ninka su, 10 da 100. In har yanzu da saura a ƙara hydrochlorothiazide, daga nan kuma sai a tura babban asibiti. Dukansu sau ɗaya ake sha a rana. Wallahi tun da muka koma kan wannan, bayani ma ya yi mana sauƙi. Da sai ka yi ta zana wa tsoho layi-layi a jikin leda, wannan na safe, wannan na azahar, ya isa gida ya cakuɗa.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan tansiyon muke ce mishi, kuma awonmu 16/10 za ka ji an ce, wato 160/100 naku. Maganar ga ta taɓa ni, don tsohona shina shan ukku. Lokotoro ya taɓa rubuta mishi wanga mai biyu cikin ɗaya, na kai takardar farmasi, da na ji kuɗɗin sai na koma na ce a mayar muna da na warware. Sauƙin haɗiya dai akwai, amma aljihu shi ka yanke hukunci.

Mai_Kemis_Kurna:
Yauwa, Dan_Maradi ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Masu karatu suna ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ni kuma ina bayan kanta ina ganin abin da ke faruwa. Amlodipine shi kaɗai kamfanoni da yawa suna yin sa, akwai na Indiya, akwai na gida, kowa zai samu daidai ƙarfinsa. Haɗaɗɗen kuwa sau da yawa na manyan kamfanoni ne, a kwali yake zuwa, kuma tun da aka saki naira a 2023 ya ƙara yin nisa. Mutum zai zo da kuɗin kati ɗaya, na kwana goma, ya ce in Allah ya hore zai dawo. Ka ce masa ya ɗauki kwalin wata guda? Sannan wani lokaci ka ɗora mutum a kan haɗaɗɗen, wata mai zuwa ka shiga kasuwa babu shi. Sai a koma 'yar gidan jiya.

Famasis_Kabiru:
@Mai_Kemis_Kurna, ba ka yi ƙarya ba. Amma ka lura, sauƙaƙawa ba lallai sai ƙwaya ɗaya ba. Wanda yake shan shida a lokuta uku, in aka mayar da shi biyu masu araha da zai haɗiya tare bayan sallar asuba, ai an sauke masa kaya. Abin da ya fi karya mutane shi ne yawan lokutan, musamman na tsakar rana da mutum yake kasuwa ko gona. Sannan ka yi lissafin wata guda: methyldopa sau uku a rana ƙwaya 90 ke nan. Ka kwatanta kuɗinta da na amlodipine 30 ka gani. Kuma haɗaɗɗun ma yanzu akwai waɗanda ba na manyan kamfanoni ba, in an nema. A dai duba lambar NAFDAC.

Alhaji_Tirela:
Ni matsalata daban. Direba ne ni, Kano zuwa Legas. Wannan ƙwayar ta fitsari da kuke magana, ranar da zan ɗau hanya ba na shan ta, gaskiya ɗaya ce. Ina za ka tsaya da tirela kowane rabin awa? Ga alwala ba ta zama. Ranar Juma'a ma haka, in na sha ba na iya jiran huɗuba. To a sati sai in sha ta sau uku ko huɗu. Likita ban taɓa gaya masa ba don kar ya yi mini faɗa.

Dr_Mairo:
Alhaji, wannan da ka ɓoye shi ne abin da likitanka ya fi buƙatar ji. In bai sani ba zai auna ya ga jini a sama, ya ɗauka maganin ne ya yi kaɗan, ya ƙara maka wani. Da ka gaya masa, akwai haɗin da babu na fitsari a ciki sam.

Bari in ɗan faɗaɗa, tunda an zo wurin. An yi wani gwaji mai suna CREOLE a ƙasashe shida na Afirka, Najeriya da Kamaru da Kenya da Yuganda da Mozambik da Afirka ta Kudu, mutum 728, aka buga sakamakon a 2019. Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ne ya jagoranta. An gwada haɗi uku: amlodipine da hydrochlorothiazide, amlodipine da perindopril, sai perindopril da hydrochlorothiazide. Bayan wata shida, biyun da ke da amlodipine a ciki sun fi na ukun sauke jini. Muhimmancinsa shi ne a kanmu aka yi, ba a kan Turawa ba, don an daɗe da lura cewa dangin lisinopril da perindopril su kaɗai ba su cika yi wa baƙar fata aiki sosai ba. To Alhaji ka ga amlodipine da perindopril, ko amlodipine da losartan, babu mai sa ka tsayawa a hanya.

Dalilin da ya sa muke son haɗa biyu maimakon mu yi ta ƙara ƙarfin ɗaya: wani nazari na 2009 da ya tattara gwaje-gwaje 42 ya nuna ƙara magani na biyu daga wani dangi yana sauke jini kusan ninki biyar a kan ninka wanda ake sha. Illar magani kuwa yawanci da ƙarfinsa take ƙaruwa. Jaki biyu kowanne da ɗan madaidaicin kaya sun fi jaki ɗaya da aka danƙara wa lodi isa kasuwa. Amlodipine 10 yana kumbura wa mutane da yawa ƙafa, amma 5 tare da losartan ko telmisartan kumburin ya fi sauƙi.

Gargaɗi ɗaya da ba na gajiya da maimaitawa: losartan, telmisartan, valsartan, lisinopril, perindopril, duk ba na mai juna biyu ba ne, suna illata ɗan da ke ciki. Matar da ba ta gama haihuwa ba ta faɗa wa likita kafin a ɗora ta a kai. Kar ki ari na mijinki ko na uwar mijinki.

Maman_Ikram:
Innalillahi. Dr, ƙanwata tana da ciki wata huɗu kuma lisinopril take sha tun kafin ta samu.

Dr_Mairo:
@Maman_Ikram, kira ta yanzu. Kar ta sha na gaba, kuma ta je awon ciki yau ko gobe da sassafe da katin maganin a hannu, a canza mata zuwa wanda ya dace, irin methyldopa ko labetalol ko nifedipine. Kar kuma ta zauna haka babu magani, hawan jini da ciki shi ke kawo jijjiga.

Malam_Na_Tsangaya:
Ni fa duk wannan lissafin ban ga abin da ya kai zoɓo da tafarnuwa ba. Ba suga, safe da yamma. Ba kumburi, ba tari, ba kuɗi.

Sarkin_Gardama:
Malam, da wace na'ura ka auna ka ga ya sauka? Ko dai jikinka ne ya gaya maka?

Malam_Na_Tsangaya:
Jikina mana. Wa ya fi ni sanin jikina?

Nas_Hadiza:
Allah gafarta Malam, a nan ne ciwon nan yake yaudarar mutane. Na sha auna wanda ya shigo da ƙafarsa yana raha, ya rako wani ma, na samu 200 a sama. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su ma san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun maganin da ya ishe su. Zoɓo an yi ƙananan gwaje-gwaje a kansa, yana ɗan taɓawa, ba wanda ya hana ka sha. Amma ka zo a auna. In 135 ne mu yi maka barka, in 180 ne zoɓo ba zai riƙe ka ba.

Gwaggon_Yara:
Tunda an shigo kicin bari in ce wani abu. Muna ta kukan yawan ƙwaya amma tukunyarmu ba mu taɓa ta ba. Miya ɗaya dunƙule biyar, ga gishiri, ga kanwa a miyar kuka da ɗanwake, ga yaji shi ma an daka shi da dunƙule. Ni tun da na rage, na koma daddawa da albasa da citta, maigidan ya yi mita ya gaji ya saba.

Dr_Mairo:
Gwaggo kin taimake ni. Gishirin da aka yarda babba ya ci a rana bai kai giram 5 ba, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma har da wanda ke cikin dunƙule da burodi. Kanwa ma sinadarin da ke cikin gishiri mai ɗaga jini yana cikinta. Sai abu na biyu, kuma @Ummu_Khalifa ki duba wannan da kyau: kin ce "ban da na ciwon gwiwa". Wanne ne? In diclofenac ne ko ibuprofen ko piroxicam, ko irin haɗin nan na ciwon jiki da ake ƙulla wa mutane a leda, to suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, suna kuma cin ƙoda. Na sha ganin tsohuwar da aka kai ta magani uku alhali na gwiwar ne yake tura jinin sama. Wani lokaci ragewar daga nan take farawa.

Ummu_Khalifa:
Na je na duba. Diclofenac ne, Dr, kusan kullum take sha, wani lokaci safe da dare. Jikina ya yi sanyi. To amma ya zan yi da maganar a gaban likita? Hajiya ba ta son a yi musu da likita, in na buɗe baki sai ta harare ni ta ce na fiya iyayi.

Baffa_Dorayi:
Haka suke duk. Ni ma da ɗana ya raka ni cewa na yi ya jira a waje.

Nas_Hadiza:
Anti ba musu za ki yi ba. Ki zuba duk magungunan a leda ɗaya, har na gwiwa da na gargajiya in akwai, ki ajiye a kan tebur. Ki ce ranka ya daɗe, ga abin da take sha, na rana yana wuce ta, kuma tana wuni tana barci, ko akwai wanda za ta riƙa sha sau ɗaya? Shi ke nan. In kuna da na'urar awo a gida, ki auna ta safe da yamma na sati guda kafin ranar, tana zaune ta huta, ki rubuta a takarda. Likitan da ya ga wannan takardar ya san da mai kula yake magana.

Wani_Bawan_Allah:
Ku yi haƙuri na shigo da sunan da ba nawa ba. Akwai dalilin da ke sa maza barin maganin nan da ba wanda ya faɗa. Tun da aka ɗora ni a kan atenolol da na fitsari, harkar iyali ta ja baya. Ina da mata biyu. Na bar shi wata da watanni, abin ya ɗan dawo, amma kullum cikin tsoro nake. A majalisarmu na san ba ni kaɗai ba ne.

Famasis_Kabiru:
Ɗan'uwa Allah ya saka da alheri da ka faɗa, don da yawa a nan suna karantawa suna gyaɗa kai. Abin da ka ji gaskiya ne, an san atenolol da danginsa da kuma na fitsari suna iya kawo wannan ga wasu. Amlodipine da losartan ko telmisartan ba su cika yin haka ba. Sai dai ka sani shi kansa hawan jinin da aka bari ba magani yana lalata jijiyoyin wurin a hankali, ciwon suga ma haka, to barin maganin ba mafita ba ce. Ka koma ka faɗa wa likita kamar yadda ka faɗa mana, in kunya ce ka nemi namiji. Abu biyu kuma: atenolol ba a yanke shi rana ɗaya, musamman ga mai ciwon zuciya, a hankali ake janye shi. Sannan ka yi nesa da magungunan ƙarfin maza na bakin tasha, ba ka san abin da aka zuba a ciki ba.

Sarkin_Gardama:
To ni har yanzu ina kan bakana. Duk abin da kuka faɗa canji ne, ba ragi ba. Ƙwaya ɗaya mai magani uku a ciki ai magani uku ne, an dai rufe wa mutum ido. Kuma in ta ba shi matsala ta ina za a gane wanne ne mai laifin? Akwai wanda ake rage wa maganin da gaske?

Dr_Mairo:
Tambayarka ta gane mai laifin tana da nauyi, kuma ita ce babbar hujjar likitocin da ba sa son farawa da haɗaɗɗe. Amsar da muke bayarwa ita ce illolin sanannu ne: busasshen tari na lisinopril da perindopril ne, kumburin ƙafa na amlodipine, yawan fitsari da ciwon gaɓoɓi na gawut na hydrochlorothiazide. Yawanci ana ganewa. Inda aka fi samun cikas shi ne in ana son a ƙara ɗaya a bar ɗaya, dole a canza ƙwayar gaba ɗaya.

Ragi na gaske kuma akwai, amma ga wasu. A Ingila an yi gwajin OPTIMISE, aka buga a 2020: tsofaffi 569 masu shekara 80 zuwa sama, masu shan magani biyu ko fiye, waɗanda lambar sama ta jininsu ba ta kai 150 ba. Aka cire wa rabinsu magani ɗaya. Bayan sati 12 yawancinsu jinin bai haura 150 ba, ko da yake ya ɗan ɗaga kaɗan, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku sai da aka mayar musu da maganin. To tsohon da yake jin jiri in ya miƙe, ko ya taɓa faɗuwa a banɗaki, ko awonsa yake yin ƙasa sosai, wannan muna zama mu rage masa, muna bibiya. Karayar ƙugu ga ɗan shekara 85 ba ƙaramin abu ba ne.

Sarkin_Gardama:
Kun ji ko. Ashe ana dainawa.

Dr_Mairo:
Ban ce haka ba, Malam. Ɗaya aka cire daga cikin biyu ko uku, ga 'yan 80, likita yana aunawa, kuma sati 12 kawai aka bi su a wannan rahoton. Kawunka da ka ba mu labari ba ya cikin wannan sahun.

Dan_Jamia_BUK:
Dr ba ki ambaci na kwanan nan ba. Gwajin VERONICA, shi ma a Najeriya aka yi, mutum 300, aka buga a 2024. Ƙwaya ɗaya mai magani uku 'yan kaɗan-kaɗan, telmisartan da amlodipine da indapamide, aka kara ta da tsarin da Nas_Hadiza ta kawo. Bayan wata ɗaya kashi 81 cikin ɗari na masu ƙwaya ɗayar jininsu ya daidaita, ɗaya ɓangaren kashi 55. A wata shida 82 da 72. Abin da ya burge ni shi ne ko tsarin namu na gida ya kai 72 in an bi shi sau da ƙafa.

Mai_Kemis_Kurna:
A gwaji ai kyauta ake ba su maganin, kuma ana kiran su a waya. Ka ba mutanen unguwarmu magani kyauta ka ga ko ba za su kai 72 ba. Ranar da mai ukun ta iso kantina da kuɗin da mai kayan miya zai iya saya, zan zo nan in yi shela da kaina.

Hajiya_Turai:
Ni azumi ne ya sa aka canza mini. Da sau uku nake sha, Ramadan ya zo na rasa yadda zan yi, sai in haɗa na rana da na dare in watsa bayan shan ruwa, in tashi tarawihi jiri ya ɗebe ni. 'Yata ta kai ni aka mayar da ni sau ɗaya. Tambayata, da sahur ya fi ko da shan ruwa? Wata ta ce mini wai na dare ya fi kare mutum daga shanyewar jiki.

Dr_Mairo:
Hajiya an taɓa yayin wannan maganar, amma wani babban gwaji a Birtaniya mai suna TIME, mutum sama da 21,000, da aka buga a 2022, bai ga bambanci tsakanin masu sha da safe da masu sha da dare ba wajen bugun zuciya ko shanyewar jiki. Ki zaɓi lokacin da ba za ki manta ba ki tsaya a kansa. In dai akwai na fitsari a cikin naki, ki tambayi likitanki kafin wata ya kama, don shan sa da sahur a lokacin zafi yana iya ƙarar da ruwan jiki.

Alhaji_Tirela:
Na ji, in na sauke kayan nan zan je in faɗa masa gaskiya. Amma in ya yi mini faɗa Dr ke zan kawo wa ƙara.

Baffa_Dorayi:
Malam Kabiru tambaya ta ƙarshe daga ni. Amlodipine 10 da 5 kuɗinsu kusan ɗaya ne a wajenmu. In 5 aka rubuta mini, zan iya sayen 10 in riƙa rabawa biyu? Sannan jikata ta sayo mini ɗan akwatin nan mai gida bakwai, ta ce in ɓare na sati in zuba.

Famasis_Kabiru:
Baffa, amlodipine shi kaɗai ana raba shi, musamman mai tsaga a tsakiya, sai dai a raba ɗaya-ɗaya, rabi yau rabi gobe, kar a farfasa na wata guda a ajiye. Amma nifedipine mai sakin magani a hankali ba a raba shi, ba a tauna shi, ba a daka shi, don duk ƙarfin zai fita lokaci ɗaya jini ya faɗi. Haɗaɗɗiyar ƙwaya ma kar ka raba sai an ce maka ana yi. Akwatin yana da kyau, ka yi wa jikar godiya. In dai akwai telmisartan a cikin naka, shi kar ka ɓare shi, yana jan danshi ya lalace, balle da damina. Ka sa almakashi ka yanka katin gida-gida, ka jefa kowanne da rigarsa. Turo mini sunayen huɗun da kake sha in ga wanne ne a ciki.